Kwikwiyo a Ƙarƙashin Akwatin Tumatir

Ranar wata Talata ce, farkon daminar shekarar da na gama aji uku na lakwal, wato makarantar boko, Baba ya shigo gida da hantsi yana janye da jakinmu. Ina tsugune bakin murhu ina kankare ƙanzon tukunya, Inna tana sheƙar gero a gindin rumbu. Baba ya sa hannu cikin mangala ya fito da wani ɗan abu ja, ya ajiye shi a ƙasa. Kwikwiyo ne, bai fi tafin hannun babba biyu ba, cikinsa na jan ƙasa, ƙafafunsa na rawa. Ya ɗaga hanci yana shinshinar iska, ya yi taku kaɗan ya faɗi, ya tashi ya nufo ni, wataƙila don ni ce mafi kusa da ɗumin wuta. Wani Bafillace ne ya ba Baba shi, mutumin da ya yi rani da shanunsa a gonarmu suna zuba mana taki. Da ruwa ya sauka suka kama hanyar arewa kamar yadda suka saba, uwar kwikwiyon ta bi garke, shi aka bar mana shi a matsayin kyautar ban kwana.

Ƙauyenmu yana kusa da Tama, a kan tudu, gonakin gero sun kewaye shi. Can ƙasa kuma akwai fadama da ƙorama mai faɗi, wadda muke kira kori, busasshiya mafi yawan shekara. A gaɓarta Baba yake da lambu, inda yake albasa da tumatir da kankana da rani, awaki da dila suna yi masa ɓarna. Don tsaron lambun ya karɓi karen. Yana kuma da yadda ya gada ake rainon irin wannan kare: ba a ɗaukarsa, ba a shafa shi, ba a sa masa suna, a rufe shi wuri ɗaya har ya manta da uwarsa, ya san mai ba shi abinci kaɗai. Ya ce karen da ya saba da hannun yara, ɓarawo ma zai kaɗa wa wutsiya. Sai ya ɗauko wani akwatin katako mai tsaga-tsaga, irin wanda ake zuba tumatir a kai kasuwa, ya kifa shi a kan kwikwiyon a bayan ɗakin Kaka, inda inuwa ke daɗewa, ya ɗora dutse a sama. Ya dube ni ya ce, “Rabi, ido naki ne, hannu ba naki ba.”

Tun ranar aka fara kukan. Siririn kuka ne mai tsawo, yakan hau sama ya karye, ya huta kaɗan ya sake. Da asuba muna alwala yana yi, da rana yana yi, da magariba in an shigo da awaki sai ya ƙara, kamar ƙarar kofatonsu na tuna masa da garken da ya tafi. Ta tsagar katakon nakan ga hancinsa a jiƙe yana turowa waje.

A kwanakin Kaka, mahaifiyar Baba, tana kwance da zazzaɓi mai zafi. Lokacin noman farko ne, ciyawa na tsere da gero, ba wanda ke iya zama gida. Baba da Inna sukan fita tun da duhun safe. Ni nakan tsaya in share tsakar gida, in ɗebo ruwa a rijiya, in dama fura, in cika wa Kaka buta in ajiye kusa da gadonta, sannan in ɗauki ƙwaryar fura in bi su gona, ba mu dawowa sai la'asar ta yi sanyi. Gwaggo Hajo, yayar Baba, tana aure a unguwar gabas, takan zo safe da yamma ta duba uwarta. Mace ce mai ƙoƙari, ita ke wanke wa Kaka kaya, ita ke jiƙa mata saiwoyi, amma tana da tsoro a zuciya, tsoron nan kuma yakan fito mata ta baki kamar faɗa. Ran da ta fara jin kukan, ta tsaya cik a ƙofar ɗaki, ta riƙe haɓa. Da Baba ya dawo ta tare shi tun bai ajiye hauya ba. “Gida da marar lahiya, ka kawo muna abin da ke kiran makara? Wanga kuka ba na banza ba ne, shina ganin abin da ba mu gani.” A garinmu an yarda da haka, cewa in kare ya dage da kuka a gida, mutuwa ya hango. Baba bai musa ba, bai kuma yarda a fili ba. Ya ce a ba shi zuwa Juma'ar mako mai zuwa, in bai yi shiru ba za a fitar da shi daga gidan.

Kowa ya gwada dabararsa. Inna ta tura masa kunu a sakaina, ya lasa kaɗan ya koma ga kukansa. Baba yakan buga akwatin da sanda, sai ya yi tsit na ɗan lokaci don firgita, ya dawo da wanda ya fi na da. Aka lulluɓe akwatin da buhu don ya zaci dare ne ya yi barci, bai yi ba. Ni kuwa na daina zuwa dandali. Ina jin tafin gaɗa da muryoyin ƙawayena daga nesa, ina zaune gefen akwatin ina yi masa magana ƙasa-ƙasa, ina roƙonsa ya rufa wa kansa asiri. Ƙawayen suka sa mini suna uwar kare, suna bi na da shi har rijiya. Ban damu ba. Abin da na lura da shi a zaman nan shi ne, in rana ta taɓa gefen katakon sai ya matsa ya manne a wurin, kukan ya ragu. Sai wata safiya na zaro ɗan dutse daga gefen murhu, na bari ya huce daidai yadda kuncina zai iya jurewa, na naɗe shi da tsumman zanen Inna, na ɗaga akwatin kaɗan na tura masa. Ya shinshina, ya zagaya, ya kwanta ya naɗe jikinsa a kai, ya sa baki yana tsotsar gefen tsumman. Gidan ya yi shiru. Na tsaya ina kallon cikinsa na hawa yana sauka, hawaye na zubo mini ban san na mene ne ba.

Ban taɓa shi ba, ban karya maganar Baba ba, shi ma da ya gani bai hana ni ba. Gwaggo ce kawai ta sa na wanke hannu sau bakwai har da ƙasa kafin in taɓa ƙwaryar kowa, na wanke. Sai dai dutse yakan huce. In ina gida nakan canza masa, in na tafi gona ba mai yi, kukan ya dawo. Na roƙi Inna ta bar ni in zauna gida, ta ce wa zai kai fura, wa zai tsare awakin mutane daga gefen gona? Ita ma gaskiya ta faɗa.

Ranar Alhamis, ana gobe wa'adin zai cika, jikin Kaka ya tsananta. Ta daina gane mutane, tana kiran Inna da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Gwaggo ta zo da sassafe, wutar murhu ba ta kama ba tukuna balle in sami dutse mai ɗumi, kwikwiyon kuma yana ta yi a bayan ɗakin. Ta fito tana kuka, ta durƙusa gaban ƙanenta, abin da ba ta taɓa yi ba. “Don Allah, don darajar nonon da ka sha, ka hidda shi.” Baba bai jira Juma'a ba. Ya mayar da kwikwiyon cikin mangala, ya ɗora akwatin a kan jaki, na bi su a baya har lambu. Da damina lambun fanko ne, ba kowa a fadama, duk mutane suna tudu. Ya zaɓi wani ɗan kwari a gindin mangwaro, kusa da gaɓa, don wurin da sanyi, kuma daga can kuka ba ya isa gari. Ya kifa akwatin, ya mirgino wani babban dutse, wanda da ƙyar ya ɗaga, ya ɗora a kai saboda dila. Ya ce mini ruwa bai taɓa kaiwa gindin mangwaron ba tun yana yaro. Ranar ce kuma aka ɗora Kaka a amalanke aka kai ta wurin likita a Tama, aka yi mata allura aka dawo da ita da ƙwayoyi.

Kullum in zan tafi gona sai in ratse ta fadama da ɗan nono a gwangwani. Tun daga nesa nake jinsa, muryar ta dushe. In ya ji takuna sai ya shiga tonon ƙasa ta ƙarƙashin katakon, ni kuma ba na iya motsa dutsen ko kaɗan, sai dai in zura masa nonon ta tsaga. Kwana kaɗan aka yi haka.

Ranar da abin ya faru ko ɗigo bai sauka a garinmu ba. Rana ce tas a kanmu, muna gona, sai dai can wajen duwatsun arewa hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun azahar. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ruwan da ya sauka a duwatsu ta kori yake biyowa, yakan zo ba sallama. Wajen la'asar muka ji rugugin, kamar manyan motoci sun jero. Na jefar da ƙwarya na ruga. Baba ya cim mini a bakin gangare ya damƙe hannuna, ina fizgewa yana riƙe. Daga inda muka tsaya fadamar duka ta zama jan ruwa mai kumfa, yana tafe da itace da kara da wata akuya tana juyawa. Mangwaron na tsaye a tsakiya, ruwa ya rufe gindinsa. Na kasa kunne ko zan ji wani abu. Rugugin ya cika ko'ina.

Washegari ruwan ya janye, muka gangara cikin laka. Akwatin bai je ko'ina ba. Yana nan inda aka kifa shi, laka ta cika tsagoginsa, dutsen na zaune daram a kai. Da ƙaramin dutsen gida ne, da ruwan ya kifar da shi, wataƙila da kwikwiyon ya taso ya kama wani reshe, Allah ne masani. Baba ya ce in juya baya. Na ji nishinsa yana ture dutsen, na ji hauya tana shiga ƙasa. Sannan muka kama hanyar gida.

Kaka ta warke. Zazzaɓin ya sauka, ta fara shan kunu da hannunta. Gwaggo ta yi waina ta raba sadaka, tana gaya wa duk wanda ya shigo gaisuwa, “Kun gani ko? Abin da ya taho ɗaukar tsohuwa, kwikwiyon ya samu ya tahi da shi.” Mata suna gyaɗa kai suna hamdala. Ba wanda ya ambaci allurar Tama. Aka miƙo mini waina, na karɓa don kunya, na ajiye ban ci ba.

Sai da Kaka ta fara fitowa tsakar gida shan hantsi, ina tsefe mata kai, ta tambaye ni, “Ke, ina ɗan baƙonku na bayan ɗaki? Na kwana biyu ban ji shi ba.” Ba wanda ya gaya mata. Na gaya mata duka. Sai ta ce, “Ashsha. In kun tahi gona, shi kaɗai ke taya ni zama. Shina nishi ina nishi, sai in san ba ni ɗaya ba ce cikin gidan.” Ashe duk kwanakin nan da ake faɗa a kan kukan saboda ita, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta ko yana damunta. Ta rayu shekaru da yawa bayan haka, har ta ga aurena.

Yanzu ina Madawa da ƴaƴana, a gidan siminti mai ƙofar ƙarfe. Kori ta ci rabin lambun Baba, rabin da ya rage ƙannena sun kewaye shi da waya, ba a bukatar kare. Baba da Gwaggo da Kaka duk sun riga mu gidan gaskiya, ina sa su cikin addu'a bayan kowace salla, don na san tsoron rasa uwa ne ya sa Baba da Gwaggo yin haka, ba mugunta ba. A islamiyya an karantar da mu cewa ajali ba ya jiran kukan kare, kuma akwai lada a tausaya wa duk mai rai, na zauna ina ji ina tunanin da a ce wani ya faɗi haka a tsakar gidanmu a wancan mako. Ina kewar gidan nan, da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, da muryar Kaka, amma in na tuna shi sai ɗacin ya biyo baya. Maƙwabta suna cewa ina ɓata yara da ɗauka, jariri bai gama buɗe baki ba na goya shi. Na bar su su faɗa. Har yau bakina bai iya ce wa mai kuka ya yi shiru ba.