Masarar da Ta Raka Inna Sabuwa

Motata ta girmi babbar 'yata. Irin mai dogon bayan nan ce, wadda ake cusa wa mutum da buhu da akuya a kama hanya. Da ita nake cin kasuwanni tsakanin Ƙanƙara da Faskari in hanya ta yi lafiya. In ba ta yi ba, mu zauna gida. Na ga abin da na gani a hanyar nan, amma ba shi zan faɗa yau ba.

Motar da ke ɗaukar kaya ba a barin ta yadda aka ƙero ta. Sifirin ɗin baya, ƙarfen nan mai naɗi da ke riƙe nauyi, in ya sha buhunan masara sai ya kwanta, gindin mota ya riƙa sharar ƙasa. Shi ya sa muke yanka tsohuwar taya, mu cusa robar a tsakanin naɗin, mu ɗaure da waya. Sai mota ta tsaya ƙiƙam. Kowa a tasharmu haka ya yi wa tasa.

Wata shekara bayan girbi aka aiko daga Sabuwa cewa ƙanwar mahaifiyata tana kwance, jiki ya yi tsanani, yayarta kawai take kira. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Inna kuwa ciwon baya gare ta, ko tabarma sai an kama ta take zama. Ta ce za ta je ko da rarrafe ne.

Na wanke mota tas. Na kwashe buhuna da jarkoki da igiyoyi. Fasinjoji suka tare ni, na ce yau ba haya. Uwata ba za ta yi tafiya da buhu ba. Na shimfiɗa mata bargo a kujerar baya, ƙanwata ta zauna gefenta.

Ramin farko, bayan mota ya yi tsalle kamar jakin da aka tsikara. Inna ta yi salati. Na rage gudu, bai hana ba. Ga sitiyari yana kaɗawa a hannuna, abin da na daɗe ina cewa gobe zan duba. Ba mu yi nisa da gari ba ta ce, "Kai wannan, tsaya."

Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Ka ce mota gare ka. Ashe turmi ne, ni ce geron. Mai da ni gida."

Na mai da ita. Ranar ba ta ci tuwo ba. Ta juya fuska bango, carbi a hannu.

Gari na wayewa na nufi Mairuwa. Can ɗan kawuna yake kanikanci a gindin wata bishiya. Taubashina ne, ba ma ragawa juna.

"A'a, bawana ne da sassafe haka? Me ka karya kuma?"

"Goggonka na kusa karyawa."

Dariyar ta tsaya. Na ba shi labari. Ya sa jak, ya ɗaga gaba, ya kama taya ya girgiza. Ƙwas, ƙwas.

"Tayarod ya cinye," in ji shi. Sandar da ke kai umarnin sitiyari ga taya ke nan. "Da wannan kake ɗaukar bayin Allah? Wata rana kai ka yi Faskari, taya ta yi Gusau."

"Ka gyara, ban zo wa'azi ba."

Ya canza shi da wani na hannu mai sauran ƙarfi, ya cika shi da giris. Ya ja igiya daga tayar baya zuwa ta gaba, ya runtse ido ɗaya, yana murɗa noti har suka daidaita. Sannan ya zaga baya, ya danna motar da duk ƙarfinsa. Ko gezau. Ya leƙa ƙasa, ya ga robar.

"Buhu nawa ka ɗora jiya?"

"Ko ɗaya. Inna fa na ɗauko."

Sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ya kira mai faci da mai shayi su zo su ga mai hankalin gidanmu.

"Ka ɗaure wa mota ƙugu don lodin kasuwa, sannan ka ɗora mata tsohuwar da ba ta kai rabin buhu ba. Me zai danne ta? Ladabi?"

"To cire robar."

"In na cire, motar zama za ta yi. Sifirin ɗin nan ya daɗe da mutuwa, robar ce ke riƙe da gawar. Wani sifirin kuma sai an aika birni, marar lafiya ba za ta jira ka ba. Je ka loda mata masara."

Ban yarda ba. Ya ce mai faci da mai shayi su hau baya, shi ma ya hau, suka jawo wani ƙaton mai sayar da rake. Na ja mu zuwa inda gargada ta fi muni. Motar ta bi ramukan tana lilo kamar kwalekwale. Sitiyari shiru a hannuna. Taubashi ya ce a rubuta ranar, yau bakina ya mutu.

Da na koma gida na buɗe ɗakin hatsi, na jera masarata a bayan mota har ta zauna daidai. Da safe Inna ta fito, an riƙe ta. Ta dubi buhunan, ta dube ni.

"Kasuwa za ka kai ni a auna?"

"Inna, ki dai shiga. In ta sake dakan ki, in goya ki."

Ta yi bisimilla ta shiga. Ramin farko na riƙe numfashi. Ba salati. Na biyu ma haka. Kafin Mairuwa na duba madubi, na ga kanta a kafaɗar ƙanwata, tana barci.

Da la'asar muka isa Sabuwa. Mun sami ƙanwar Inna da rai. Aka shigar da Inna ɗakin, ta zauna bakin gado. Marar lafiyar ta buɗe ido ta daɗe tana kallon ta.

"Yaya, kin tsufa."

"Ke da kika riga ni kwanciya?"

Suka riƙe hannun juna. Na fito, don ba wurina ba ne.

A ƙofar gida na tarar mazan gidan sun buɗe bayan mota, suna sauke masarar buhu bayan buhu. Dattijon gidan ya kama hannuna da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka. Zumunci ke nan. Ka zo dubiya, ka zo da abincin shekara." Na buɗe baki. Ta taga na hango Inna ta kafe ni da ido. Na ce amin.

Inna ta zauna can har ƙanwarta ta fara tashi zaune, tana shan kunun masarar nan. Ranar da na koma ɗauko ta, yashi na cika buhuna da shi a bakin rafi. Shi kam ba wanda ya taɓa mini.