Evaristo Pagliero da Mintocin da Zare Bai Kama Ba

Ranar Talata, 12 ga Yuli, 2016, da hantsi, Nélida, matar abokina Evaristo, ta kira ni ta ce, "Osvaldo, tsohon ya tafi." Abin da ta iya faɗi ke nan. Evaristo Pagliero, mai buga ogan (ɗan'uwan piyano) na ƙungiyar kiɗa ta Reloj de Barro, ya rasu a asibiti nan birnin Rosario yana da shekara sittin da huɗu, bayan jinyar huhu. Wanda ya ba da aron rai ya karɓi abinsa.

Evaristo, jaridu biyu sun rubuta labarin mutuwarka, ɗaya ta kuskure sunanka, ɗayar ta sa hoton mai gangunanku. Da kana nan da ka yanke su ka manna a bango.

Matasan yau ba su san ku ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ku ne masu irin kiɗan rok ɗin nan mai dogon zango, wanda waƙa ɗaya takan cinye fuskar faifai guda, ta sauya tafiya sau bakwai, har mai son rawa ya haƙura ya zauna. Faifai ɗaya kuka fitar, kuka watse. Sauran rayuwarka ka yi ta kana gyaran piyanon mutane a kan tsohon keke, da jakar kayan aiki a baya. Piyanon makarantar unguwarmu kai ka riƙe shi shekara da shekaru ba wanda ya sa ka, kana cewa ba don yaran kake yi ba, don kunnenka ne, tunda ta nan kake wucewa. Ranar jana'izar mahaifiyata mai ogan na coci bai zo ba. Kai da ba ka taka coci sai ruwan sama ya kore ka, ka tashi daga kujerar baya ka zauna ka buga mata waƙar da take so. Ban taɓa gaya maka wace waƙa ce ba. Ka ji tana rera ta tana shanya kaya, ka riƙe.

Amma abin da ya haɗa mu da kai wata Lahadi ce ta shekarar 1980. Zamanin soja ne, ana kama mai dogon gashi a titi a aske shi, saboda haka da la'asar aka yi wasan, a wani zauren ma'aikatan jirgin ƙasa, tagogi a rufe da barguna. Ina ɗan shekara goma sha bakwai. A tsakiyar doguwar waƙarku, Ambaliya, mai jita da mai ganguna suka tsaya, aka bar ka kai kaɗai da ogan. Abin da ka buga ba ya cikin faifanku, ba ka taɓa buga shi ba, ba ka kuma sake ba. Na ga ƙato mai sauke kaya a tashar jirgin ruwa yana kuka kusa da ni, bai ko ɓoye fuska ba.

An naɗi wasan, kowa ya sani. Shekara talatin da 'yan kai muna jira a fitar da shi, ana cewa zaren kaset ɗin yana hannun wane, a'a ya tafi Sifen da wance, a'a ruwa ya ci shi. Bara sai wata yarinya, Ludmila, mai wani ƙaramin kamfanin faifai, ta tono shi a gidan magadan wanda ya naɗa. Sautin garau. Sai dai a daidai inda aka bar ka kai kaɗai, zare ya ƙare. Mai naɗin, Allah ya jiƙansa, ya tsaya sauya wani, kuma ga dukkan alama shi ma kiɗan ya ɗauke masa hankali, don bai yi sauri ba. Ana jin ka fara, sai ɗif. Sai kuma ga ganguna sun dawo, mutane na ihu kamar an ci ƙwallo. Minti uku ne ko biyar, ba wanda ya auna.

Ludmila ta ce ba komai, haka ake yi, faifan wasan fili da yawa a ɗakin naɗi ake yi musu faci. Ka zo ka buga abin da ya ɓata, ta ɗinke. Ka ce to. Sai ka zauna gaban ogan ka tarar ba ka san abin da ka buga ba.

Nan ka yi dabarar da sai irinmu za su yi. Ka tara mu a tsakar gidanka, mu bakwai da muka rage daga cikin waɗanda suka halarta, ka gasa nama, ƙoƙon shayin mate yana zagayawa, ka ce kowa ya rera abin da ya tuna. Mu da muka shekara talatin muna rantsuwa a gidajen shayi cewa kiɗan nan yana cikin kanmu har kabari. Na farko ya rera, na biyu ya ce ƙarya ne, sama aka fara ba ƙasa ba. Na uku ya rera wani abu da ya yi kama da taken ƙasa. Da aka zo kaina na rufe ido na ba da iyakar ƙoƙarina.

Ka ce, "Farfesa, wannan ai tallan sabulu ne na rediyo."

Na ce, "To ko daga can ka sato?"

Nélida ta leƙo ta taga ta ce, "Tsoho, ka sallami 'yan mawaƙan nan naka, karen maƙwabta ya fara amsa musu."

Mun yi dariya har da hawaye. A hanyar gida ne dariyar ta ƙare mini. Littattafan da na karanta sun sha gaya mini cewa tunanin ɗan Adam maƙaryaci ne, na kuma koyar da hakan a aji ina taƙama. Ban taɓa zaton da ni ake ba.

Duk da haka ka je ɗakin naɗin. Ina wurin. Ka buga wani abu mai kyau ƙwarai, har Ludmila ta dafe ƙirji ta ce, "Baba, wallahi wannan ya isa." Ka saurara sau ɗaya ka ce ta goge. Ka ce, "Yarinya, wannan tsoho ne ya buga, ya san inda zai ƙare. Wancan yaron bai sani ba." Ta roƙe ka, na roƙe ka. Ka ce a ba ka lokaci, zai dawo.

Ta ba ka lokaci fiye da yadda ƙaramin kamfani zai iya. Sai tari ya kama ka. Ziyarata ta ƙarshe na same ka yatsunka na tafiya a kan bargo. Ka janye abin numfashi ka ce, "Farfesa, na kamo farkonsa. Hannun hagu ne, ba dama ba. Duk mun yi ta nema a dama." Na ce ka rera mini. Ka ce, "Da wannan huhun? Bari in koma gida." Ban matsa ba. Ko da na matsa, ka riga ka ga abin da kunnena yake yi da kiɗa.

Shekaranjiya Ludmila ta kawo wa Nélida kwafin farko na faifan, da hotonka a bango, gashi har kafaɗa. Ba ta sa facin da ka hana ba, ta cika alkawari. Ta dai haɗa bakin zaren biyu, kuma ta iya aikinta. Na tafi da shi gida na sa wa 'yata, ban gaya mata komai ba. Muka saurari Ambaliya daga farko har ƙarshe. Ka fara kai kaɗai, ganguna suka shigo, jama'a suka yi ihu, sumul kamar haka aka yi. Na tambaye ta ko ta ji inda aka yanke. Ta ce, "Yanke me, Baba? Ya yi daɗi. Sai dai ban gane abin da ya sa suke ta ihu haka ba."

Wannan ya fi yi mini ciwo a kan ramin da aka sa ka. Mu bakwai ne muka rage cikin 'yan kallon da suka ji abin da ya ɓata, kuma ƙaraminmu ni ne. Idan muka bi ka, faifan zai zama cikakke.

Allah ya jiƙanka, Evaristo, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya saka maka da alherin da ka yi wa mutanen da ba su ma san kai ka yi ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nélida, da ɗansu Lisandro da iyalinsa, da abokan kiɗansa biyu da suka rage. Allah ya ba su haƙuri da juriyar wannan rashi. Mu kuma da muke zauren nan ranar, Allah ya sa mu cika da kyau, ya kuma yafe mana, don an ba mu ajiya mun kasa riƙewa.