Muryar Ƙaninsa a Gwangwanin Taba

Wilfred Jupurrurla direban motar makaranta ne a ƙauyenmu, kuma in ba a gaya maka ba, ba za ka taɓa cewa makaɗi ba ne. Mutum ne kakkaura mai nauyin baki, wanda in ka gaishe shi da safe sai ka yi sa'a ka sami amsa kafin rana ta take. Shekara talatin yana kaɗa jitar bas, mai kaurin sautin nan, a ƙungiyar kiɗa ta Rijiyar Yamma, kullum a baya daf da mai ganga. A coci ya koya yana yaro, da wata jita mai tsirkiya uku, sauran ya cike da wayar birkin keke. Tun daga lokacin bai taɓa neman a san da shi ba. Shi dai a bar shi ya riƙe kiɗan daga ƙasa kada ya watse.

Mawaƙin ƙungiyar ƙaninsa ne, ɗan yayar mahaifiyarsa. Ba zan faɗi sunansa ba, don ya rasu bara a watan Mayu, ni kuma ɗan garin nan ne. Kumanjayi muke cewa, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya tafi har sai danginsa sun saki sunan. Shi ne kishiyar Wilfred a komai: siriri, ga surutu, ga tsokana. Da harshenmu yake waƙa, a kan doguwar hanyar zuwa birnin Alice Springs, da kewar gida da ke cin mutum in asibiti ya riƙe shi a birni. Duk shekara ranar gasar ƙwallo, in an tashi wasan ƙarshe da yamma, sai a jawo babbar mota tsakiyar fili, a ɗora lasifikoki a bayanta, su hau. Mutane kan yi tafiyar awa biyar don su ji shi, tsofaffi mata su yi ta rawa, karnuka na bi ta tsakanin ƙafafunsu.

Sun daɗe suna jiran wani daga birni ya zo ya ɗauki waƙoƙinsu, har suka gane babu mai zuwa. Sai ga Bronwyn, wata malamar kiɗa daga Adelaide, ta zo aiki makarantarmu da kwamfuta da makirufo biyu. Suka share ɗakin ajiyar makaranta, suka jingina katifu a bango don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. A lokacin Kumanjayi ya riga ya fara zuwa wankin ƙoda, sai in ya sami dawowa gida a yi aiki. Waƙa goma sha ɗaya suka ɗauka, sababbi fil, babu wanda ya taɓa jin su a waje. Ana cikin gyara su ya cika.

An yi abin da ake yi. Mutanen gidan suka tashi suka koma zaman makoki a bayan gari, mata suka shafa farar ƙasa, aka share gidan da ganye. Tufafinsa da bargonsa da jitarsa aka miƙa wa kawunnansa, abin ƙonawa aka ƙone. Hotunansa aka sauke daga bangon kanti. Murya kuwa ta fi hoto nauyi, ba a jin ta sam.

Wilfred ya je wurin Bronwyn ya ce ta goge komai. Ta nuna masa cewa kowane sauti a layinsa yake kwance, ganga daban, jita daban, don haka ana iya zare muryar a bar kiɗan. Haka suka yi. Ta zuba muryar ita kaɗai a katin memori, ta goge ta daga kwamfutar a gaban idonsa, tana yi tana share hawaye. Ya sa katin a aljihun rigarsa ya maƙale maɓalli. A duk duniya babu inda muryar ta rage tana waɗannan waƙoƙin sai a nan.

Sai Inna Dulcie Napaljarri, mahaifiyar mamacin, ta aiko cewa duk wanda ke riƙe da wani abu na ɗanta ya kawo mata. Kowa ya san da wa take.

Nan fa masu ba da shawara suka taso. Bronwyn ta ce akwai ma'ajiya a birni da ke kulle irin waɗannan abubuwa shekaru, ba a buɗewa sai dangi sun yarda, ya bari ta kwafa ta aika kafin ya kai. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, na san wannan. Tobias Jangala mai ganga kuwa tare shi ya yi a bakin kanti.

"Jupurrurla, abu kamar farcen yatsa, ka kwafa mana. Tsohuwar da ko rediyo ba ta iya kunnawa, ina za ta sani?"

"In ta tambaye ni, da bakinka zan amsa?"

"To ka yi shiru mana. Ai shi ne sana'arka tun kafin tuƙi."

Wilfred bai yi dariya ba. Tobias ma da ya faɗa sai ya kau da kai, don shi ma abin na cin ransa. Kwana tara ya yi yana dukan ganga a ɗakin nan mai zafi kamar tanda, kuma ya san ba za su sake yin kiɗa irin wannan ba.

Mako uku katin yana aljihun Wilfred. Ni dai ina jin haushin masu cewa al'ada abu ce mai sauƙi, ka bi kawai. Wanda ya faɗi haka bai taɓa riƙe abin da yake ƙauna a tafin hannunsa yana shirin miƙa shi ga wuta ba. Wilfred ya yarda da abin da iyayenmu suka bari, cewa mamaci yana bukatar a ƙyale shi ya kama hanyarsa, kuma uwa ba za ta warke ba in ana jefo mata muryar ɗanta daga kowace mota da ta wuce. Amma kuma ya san waƙoƙin nan su ne aiki mafi kyau da ƙaninsa ya yi a rayuwarsa.

Wata rana da la'asar, bayan ya sauke yaran makaranta, ya kai motar bakin busasshen rafi ya kashe inji. Ya sa katin a waya, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya yi abin da bai kamata ba. Muryar ta zo ita kaɗai, babu ganga babu jita, har da jan numfashi. A ƙarshen waƙa ta huɗu sai ya ji tari, sannan dariya, sannan Kumanjayi yana cewa, "Yaya, ka rage gudu, ba motar makaranta kake ja ba." Wilfred ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Da ya ɗago, kunya ce ta rufe shi. Bai kwafa ba. Washegari ya sayi ganyen shayi da naman wutsiyar kangaru a kanti ya nufi bayan gari.

Ya tarar da Inna Dulcie zaune a ƙasa gefen wuta, gashinta a yanke, gwangwanin shayi na tafasa a kan garwashi. Ya zauna nesa kaɗan, bai dube ta ba, ya ajiye katin a kan bargo tsakaninsu. Ya ce mata waƙoƙin ne, muryar tana ciki. Ta daɗe tana jujjuya shi a yatsunta, wutar na nan kusa da gwiwarta.

"Akwai wani?"

"Babu, Inna."

"Ka saurara?"

Ya ce, "Sau ɗaya."

Ya jira faɗa, don tsohuwar ba ta da wasa. Maimakon haka sai ta tambaye shi a hankali ko da ƙarfinsa ya yi waƙar. Ya ce mata kamar bai taɓa ciwo ba. Ta gyaɗa kai, ta jawo ƙaramin gwangwanin da take ajiye tabar taunawa, ta sa katin ciki ta rufe. Ta zuba masa shayi, ya sha, ya tashi.

Bana, da shekara ta zagayo, kawunnan suka yarda a fitar da waƙoƙin in dai da wata murya ce. Aka rasa wanda ya haddace su kaf sai Wilfred. Gaskiya muryarsa ba ta kai ba, Tobias ya ce kamar ana jan gangar mai a kan tsakuwa, amma gidan rediyon yankinmu na sa su, matasa na tura wa juna a waya. Ranar gasar ƙwallo ma shi ya tsaya gaban makirufo, gumi na zuba.

Inna Dulcie ta zo. Ta zauna a inuwar motar asibiti da gwangwaninta a cinya, ba ta yi rawa ba, ba ta kuma tashi ba. Ana tsakiyar waƙa ta huɗu Wilfred ya ga ta buɗe murfin, ta leƙa ciki, ta ɗan daɗe, sannan ta tsinci taba ta rufe. Ko katin yana nan, ko wuta ta cinye shi tun bara, bai sani ba. Kullum yana wucewa ta ƙofar gidanta da mota sau biyu a rana, yana ɗaga mata hannu, har yau bai tambaya ba.