Naman Kazan Da Na Tsinta a Kan Taki

Wata uku ke nan ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko na rufe shagon ɗinki ne, ban rufe ba. Jinya na yi, kuma sai yanzu na ji zan iya ba da labarin.

Ina da ɗan fili wajen Rido inda nake shuka alayyafo da kuɓewa. Farkon damina na sa aka juye mini kashin shanu a gefen gonar don taki.

Wata Talata da safe, bayan ruwan kwana biyu, na tarar da naman kaza ya fito a kan tulin. Wanda wasu ke kira laimar kwaɗi. Farare, manya, wani ya kai faɗin tafin hannuna.

A ƙauyenmu muna cinsa. Tun ina ƙarama nake bin Mama tsintarsa, don haka na ɗauka na san shi. Na ga ƙwari sun ɗan ci gefen wani, na ce tunda ƙwari na ci ba shi da dafi. Na ɗauki hoto na tura wa ƙawayena, mutum uku suka ce irin na gida ne.

Na dawo gida a Narayi na yi miya da shi. Na ci da tuwon da ya kwana, na rufe sauran na ajiye wa yarana biyu in sun taso daga makaranta.

Ba a yi awa biyu ba cikina ya murɗa.

Amai ya fara, sai gudawa. Zufa ta jiƙa mini riga. Na yi ta zuwa bayi har ƙafafuna suka daina ɗaukata. Da na ga jini, na buga bango na kira maƙwabciyata, Maman Chidi. Ita ta tare keke napep, ta kira maigidana a wurin aikinsa a Kakuri, ta ce ya same mu a asibiti.

Muna hanya na tuna tukunyar. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce, yaran na tashi ƙarfe biyu, kuma sun san inda nake ɓoye makulli.

Na riƙe hannunta na ce, "Maman Chidi, bar ni. Koma ki ɗauke miyar nan."

Ta ce ba za ta bar ni haka ba. Na ce mata in ta ƙi, zan sauka in koma da rarrafe. Ta sauka ta hau acaɓa. Daga baya ta gaya mini tana fitowa da tukunyar, suna shigowa layinmu da jakunkunansu.

A asibiti sun daɗe suna neman jijiya, don ruwan jikina ya ƙare. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Likita ta tambayi abin da na ci, da ƙarfe nawa, da ko akwai saura. Miyar an riga an zubar. Sai maigidana ya je gonar ya tugo guda biyu, ya kawo a leda.

Wata nas babba ta kife ɗaya a kan farar takarda, ta rufe da kofi. Washegari ta kawo mini takardar. Garin da ya zubo daga ƙarƙashinsa kore-kore ne. Ta ce irin wannan ya sha kawo musu mutane da damina, domin daga sama kamarsu ɗaya da na ci.

Kwana na biyu aman ya tsaya, amma fitsari ya ragu sosai. Gwaji ya nuna ƙodata ta galabaita saboda rashin ruwa. Likita ta ce, "Za mu duba kwana biyu. In bai gyaru ba, sai mun yi maganar wankin ƙoda."

A nan ne tsoro ya kama ni da gaske. Kowane fitsari a roba ake auna shi a rubuta. Ban taɓa zaton zan yi addu'a a kan fitsari ba, amma na yi.

Kwana na huɗu ya fara ƙaruwa. Kwana na takwas aka sallame ni, ba a yi wankin ba.

Mama ta zo daga ƙauye ta zauna da ni. Na nuna mata hoton, ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni yadda na cire shi, na ce da hannu, ina taɓawa ya fito.

Ta ce, "Rahila, namu a kan suri yake fitowa, saiwarsa doguwa, sai an tona da itace. Yaushe kika taɓa ganin na kai ki kan kashin shanu?"

Ba ta taɓa ba. Ni dai na riƙe kamanninsa, na manta inda muke tsayawa.

Na yi sati shida kafin in iya taka keken ɗinki. Gwajin ƙarshe ya nuna ƙodata ta dawo daidai.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa Maman Chidi, da maigidana, da matan zumuntar cocinmu da suka riƙa kai wa yarana abinci, da ma'aikatan da suka kula da ni.

Ga abin da zan roƙe ku. Kada ku yarda da hoto a waya. Cin ƙwari ba shaida ba ne, dafawa kuma ba ta kashe dafin. Wanda ya fito a kan taki ko bola, ku bar shi. In wani ya ci ya fara amai, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a tafi asibiti, a tafi da sauran abin da ya ci.

Kuma kafin ku fita, ku ɗauke tukunyar daga inda hannun yara zai kai.