Ranar da Baba Ya Ƙi Ɗaga Hannu

Ni tela ne a Kankia, shagona na bakin titin Kano zuwa Katsina, amma duk Juma'a nakan hau babur in tafi ƙauyenmu da ke wajen Kusada, inda mahaifina yake limanci. A shekarun da labarin ɓarayin daji ya cika kunnuwa, garinmu bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Tsoro ne ya riga su isowa, ya kuma samu mai kiwonsa.

Ɗan garin ne, ya daɗe a kudu, ya dawo da farar mota da ƙaton tumbi. Ya kafa kwamitin tsaro, ya raba wa samari fitilu da usur, ya ce a riƙa ce masa Shugaba. Tun farko jinina bai haɗu da nasa ba. Kullum da labari a bakinsa: an ga babura bayan Rimaye, an ji baƙi na tambayar hanya. Wa ya gani? Sirrin tsaro ne. In ka matsa sai ya yi murmushi ya ce, "Kai kau mi ya dame ka da son sani?" Washegari samari sun fara yi maka kallon gefen ido. Da haka bakin kowa ya mutu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda yake yanke hukunci. A wurinmu ba a tashi taro sai an shafa fatiha, in babba ya ɗaga hannu kuma ba mai barin nasa a ƙasa, amin takan fita kafin mutum ya yi tunani. Sai Shugaba ya bar cewa "ku yarda", ya koma "Allah ya sa". Allah ya sa kowane gida ya ba da saurayi ɗaya na sintiri. Amin. Allah ya sa kada wani ya ƙara saukar da baƙo bai sanar da kwamiti ba. Amin. Gobe in ka kawo gardama, a ce ai da bakinka ka amsa gaban Allah da jama'a.

Akwai ruga gabas da gari tun ban zo duniya ba. Shanunsu ke kwana a gonarmu bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Tsohuwar rugar, wadda muke ce wa Inna, ita ke kawo wa gidanmu nono da man shanu. Shugaba ya tsiri cewa da ɗan gari akan ci gari, yana nuna gabas da haɓa. Kafin wani lokaci mata sun daina tsayar da Inna, sai ta zagaye gari ta koma da ƙwaryarta cike.

Wata Juma'a bayan la'asar Shugaba ya tara mu a ƙofar masallaci. Samarinsa na tsaye a baya da sanduna.

"Malam, yau kai za ka ja muna addu'a," in ji shi. "A roƙi Allah shi raba mu da mutanen rugar can kahin Juma'a mai zuwa, ko da lalama ko da tsiya."

Kowa ya san amin kawai samarin nan ke jira su nufi bukkokin. Hannuwa suka tashi sama. Na Baba suna bisa gwiwarsa.

"Alhaji," ya ce, don bai taɓa ce masa Shugaba ba, "wa ya gan su da ɓarayi da idonshi? Shi miƙe in gan shi."

Ba wanda ya motsa.

"Malam, sai an yanka mu za ka yarda?"

"Ban hana tsaro ba. Amma in shawara ce, a aje hannu a yi ta da baki, mai cewa a'a shi ce a'a. Ba ni jan addu'a bisa mutanen da ba a ji ta bakinsu ba."

Ya sa takalmansa ya tafi. Ban taɓa ganin taron da ya watse ba fatiha ba sai ranar. Mutane suka riƙa sauke hannu a kunyace, samarin na kallon juna da sandunansu.

Rugar tana nan, amma Baba ya ɗanɗana kuɗarsa. Shugaba ya gina masallaci a ƙofar gidansa, da tayil da lasifika, ya kawo limamin kansa. Sahun Baba ya rage kamar gonar da tsuntsu ya shiga. Inna ta koma biyowa ta bayan gidanmu. Mahaifiyata ta roƙe ni in ɗauke Baba zuwa Kankia, ya ce mai laifi ke gudu, ba shi ba.

A taron Juma'ar da ta wuce Shugaba da kansa ya ja addu'a. "Allah shi tona asirin munahukin da ke cikinmu, ko da rawani gare shi." Idonsa na kan Baba. Amin ɗin ta fito da ƙarfi, na ji tsoro har cikin ƙashina. Da na waiwaya sai na ga mahaucin garin da wasu dattawa biyu, hannuwansu bisa gwiwa.

Shugaba ma ya gan su. Bai shafa ba sai da ya gama duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.