Faifan Malam Harisu a Shagon Nu'uman

Har yau Mai Kafe ake kiran Nu'uman a Daura, ko da yake kafen ya mutu tun da intanet ta koma cikin aljihun kowa. Lokacin da ya buɗe shi, ta wayar tarho ake shiga. Modem ta yi ta ƙugi kamar an taka wutsiyar mage, sannan hoto ɗaya ya riƙa saukowa, hula tukuna, goshi, can an jima hanci. Mega ɗaya minti uku, in layi bai yanke ba. A nan ya koyi haƙuri, kuma da wannan mudu yake auna komai har bayan ya koma gyaran kwamfuta.

Ranar wata Laraba da hantsi Hajiya Maiturare ta zo daga Sandamu da abu ƙunshe a ɗankwali. Matar marigayi Malam Harisu ce, malaminsa.

"Nu'umanu, kwamfutar Malam ta ƙi tashi, yara suka ciro wannan. Tafsirinsa na azumi goma sha huɗu yana ciki, babu shi a ko'ina. An ce kai kaɗai ke da injin da zai karanta tsohon faifai irinsa."

"Kwantar da hankalinki, Iya."

Ya sa faifan a ɗan akwatinsa, ya jona shi ta kafar da ake soka filas a tsohuwar kwamfutar kafe. Giga talatin. Allo ya nuna awa takwas.

Dabo mai gyaran rediyo, taubashinsa kuma maƙwabcin shago, ya leƙo. "Awa takwas? Ai jakin kakanmu sai ya je Baure ya dawo."

"Kai me ka sani? Da modem ce wata biyu da 'yan kwanaki za a yi. Wannan mega ɗaya a daƙiƙa. Gudu ne na fitar hankali."

Da azahar ta yi, sai Nu'uman ya tafi salla abinsa.

Da ya dawo ya tarar Dabo ya kara kunne a jikin akwatin, ba ya dariya.

"Mai Kafe, zo ka ji."

Ƙyat. Shiru. Ƙyat, ƙyat.

Nu'uman ya matso da kunnensa. Ya san wannan ƙara. Faifan da ya fara ta, kwanansa ya ƙare, sai dai ba a san sa'a ba. Awa huɗu ke nan, ko azumi huɗu ba su gama hayewa ba, kuma lissafin allo ya koma awa goma sha ɗaya. Ya tsaya yana yabon sauri, alhali tun da safe akwai faffaɗar wayar nan ta cikin kwamfutar, mai kama da ɗamara, wadda ke jan mega talatin a daƙiƙa. Da a ce da ita ya jona, da tuni an gama kafin shayi ya huce.

"Lafiya?" in ji Hajiya daga kan benci.

Nu'uman ya juyo. "Iya, faifan yana mutuwa. Akwai hanya mai sauri, minti ashirin. Amma sai na kashe shi na sake masa waya, kuma in na kashe ba lalle ya ƙara tashi ba."

"In ka bar shi fa?"

"Ba zai kai la'asar ba."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "Malam ya ce kai ne mai natsuwa cikin ɗalibansa. Ni ban san waya ba. Yi abin da za ka iya faɗa masa."

Ya kashe. Shagon ya yi tsit, sai kukan awaki daga bakin titi. Sukurdireba ta faɗi daga hannunsa sau biyu, Dabo ya ɗauke ta ya kwance murfin kwamfutar da kansa.

"Riƙe hannunka, tsoho. Haƙoran wayar nan arba'in ne, ka lanƙwasa ɗaya mun shiga uku."

Nu'uman ya soka wayar a hankali, ya yi bisimilla, ya danna maɓalli. Fanka ta juya. Faifan bai motsa ba. Gumi ya gangaro masa cikin ido, bai iya sharewa ba. Ya ƙirga har bakwai a zuci, yana ganin fuskar Malam a kan buzu, kafin wani siririn zuuu ya taso.

"Wace shekara zan fara ja, Iya?"

"Ta ƙarshe. Ranar rufewa ya yi wa kowa addu'a da suna."

Ya fara daga ƙarshe yana komowa baya. Koren layin da ke kan allo ya zabura, ƙyat-ƙyat na bin sa a guje. Ba wanda ya zauna. A minti na goma sha ɗaya faifan ya yi wani gurnani ya tsaya cak, allo ya daskare.

Nu'uman ya ƙirga da yatsa. Azumi na huɗu ya tsaya rabi, na biyar da na shida babu.

"Biyu da rabi sun tafi, Iya. Sakacina ne, da tun safe..."

"Kunna mini na ƙarshen."

Ya kunna. Aka ji gyaran murya, sannan Malam Harisu ya yi sallama, a hankali, yadda ya saba. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Dabo, kai ne mai rediyo," ta ce. "Ƙara masa sauti."