Littafin da Na Baro a Hanyar Dingaya

Shekara shida muna wasan nan a shagon abokina tela a Birnin Kudu, duk Asabar bayan la'asar. Mu biyar ne. Su huɗun kowa da jaruminsa da yake magana da bakinsa, ni kuma nake riƙe da labarin: ni ne gari, ni ne daji, ni ne abokan gaba. In mutum ya ce zai haura katanga, sai ya jefa ɗan ludo, abin da ya fito shi zai nuna ko ya haura ko ya karye. Duk abin da ya faru tun ranar farko yana cikin wani littafi mai baƙin bango, har jaruman da suka mutu da inda aka binne su.

Tela ya taɓa yi mini dariya wai dajina ko tururuwa babu. Ni kuma ba a raina mini aiki in manta. Tun daga nan, duk sanda zan je gaida Inna a wajen Dingaya, sai in tsayar da babur in zana abin da na gani, kwari da gonaki da burtali, in kai cikin wasa.

Makon nan shirin babba ne, jaruman nasu za su ƙwato wata yarinya daga gidan matsafi. Da hantsi ina tsugune gindin tsamiya a bakin wani ƙauye, ina kwafar wani gida mai dangar kara, sai inuwa ta rufe mini takarda. 'Yan sintiri ne su uku, ɗaya da bindigar gargajiya. Lokacin kuwa ko'ina maganar masu kai wa ɓarayin mutane rahoto ake yi.

Wani matashi a cikinsu ya fizge littafin ya karanta da ƙarfi: "Masu gadi uku. A shiga ta bayan rumbu, a ɗauke ta kafin a farga."

Ban san daga ina mutane suka fito ba. Kafin in miƙe an zagaye ni, na ji wani ya ce infoma ne. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na san abin da taro yake yi wa mutum kafin hukuma ta iso.

"Wasa ne, Malam," na ce, na zaro 'ya'yan ludo daga aljihu.

"Ga kayan tsafinsa ma!"

Na roƙa a bar ni in kira tela kowa ya ji. Da ya ɗauka na ce, "Faɗa mini abin da za mu yi ranar Asabar."

Shi kuwa gogan ya zaci shirinsu nake son leƙawa. "Ai mun gama shawara, Malam. Ni zan gama da mai gadin baya, sauran su ɗauko yarinyar."

Aka ƙwace wayar. Na ga wani ya sunkuya yana laluben dutse, na fara salati.

Shugaban 'yan sintirin, wani dattijo, shi ya ɗaga hannu. Ya karɓi littafin ya fara buɗawa daga farko, a hankali. Ya daɗe a kan wani maciji mai fukafukai da na zana. Sannan ya dawo kan taswirar ranar, ya ɗora yatsa.

"Wannan fa?"

"Kogi ne, Baba. Na ƙara shi ne don su sha wahalar tsallakawa."

"Da muna da kogi a nan, da matanmu sun huta." Ba wanda ya yi dariya. Ya juya ga jama'a ya ce, "Wannan ba ɓarawo ba ne, marar aikin yi ne. Ku watse."

Na miƙa hannu in karɓi littafina, bai saki ba.

"Gidan nan na ƙanena ne," ya ce. "Rumbun yana nan inda ka sa shi. Kuma yana da 'ya mace."

Na ce ya yage shafin kawai, aikin shekara shida ne a ciki. Ya dube ni ya ce, "Gidajen mutane nawa ne a cikinsa?" Ni ma ban san yawansu ba. Ya soka littafin a aljihun rigarsa.

Ranar Asabar na je shagon hannu rabbana. Da na ba su labari, suka sha dariya har tela yana riƙe ciki, suka ce a ci gaba, ai taswirar tana kaina. Gaskiya ne, tana nan. Tela ya jefa ɗan ludo, shida ta fito, ya ce ya haura danga ta bayan rumbu, me ya gani?

Na buɗe baki in faɗa masa. Abin da na gani a wurin ranar nan, wani ɗan ƙaramin hijabi ne shuɗi a shanye kan igiya, yana ɗigar ruwa. Suna ta jirana, ni kuma na kasa shigar da su gidan.